Kyamara Mai Ido Biyu da Hoton Hajiya Kulu

Cikin shekarun da na yi ina ɗaukar hoto a garin nan na Sakkwato, akwai wata Alhamis ta bazara da har gobe ban manta da ita ba. Ita ce ranar da na durƙusa a tsakar gidan wasu fataken shanu a Ƙofar Marke, da sauran ɗauka ɗaya tak a cikin kyamarata. Ku da kuka tashi kuka tarar da kyamarar zamani, wadda mutum zai danna sau ɗari biyar a biki ɗaya ya zaɓi goma, ba lalle ku gane nauyin wannan magana ba. Don haka bari in faro daga tushe.

Shagonmu yana Sabon Gari. A tsarin aikinmu akwai maigida, Alhaji Garba, wanda ya kafa wurin tun ana wanke hoto da hannu. Ƙarƙashinsa akwai babban mai ɗauka, wato wanda ake turawa aikin da ba a son kuskure, kuma a lokacin ni ne. Sai masu zuwa bukukuwa, sai mai gyara a kwamfuta. Ni a ɗakin duhu na fara, shekara bakwai ina wanke fim kafin maigida ya yarda in riƙe kyamara a gaban mutum. Da zamani ya juya muka rufe ɗakin, ya koma ma'ajiyar tsofaffin kujeru, kyamarorin fim kuma aka jera su a wani kabad sai ka ce kayan gado.

Wata Litinin da hantsi wani dattijo ya shigo, Alhaji Ummaru, ɗan gidan fataken da na ambata. Ya kai shekara sittin, mutum ne mai kwarjini, irin waɗanda in suka tsaya a kara, wato kasuwar shanu, ciniki yake ƙarewa. Amma ranar sai juya hularsa yake a hannu. Bayan an gaisa ya dubi maigida.

"Hoton tsohuwata nika so a ɗauka mini. Amma ta ɗora sharaɗi."

Mahaifiyar tasa, Hajiya Kulu, ta haura tamanin, kuma in ban da na fasfo da aka yi mata lokacin aikin Hajji, ba ta taɓa zama gaban kyamara ba. Ya yi shekaru yana aika mata da roƙo tana ƙi. Abin da ya ƙara mata ƙi shi ne wata maƙwabciyarta da ta rasu, kafin a kai ta makwanci hotonta ya zaga wayoyin gari, har mahauta a kasuwa suna nuna wa juna. Yanzu da ƙyar ta amince, bisa abu uku. Hoton ba zai shiga waya ko kwamfuta ba. Kati ɗaya za a buga, a kawo mata tare da nagatif, wato baƙin fim ɗin da ake fitar da hoto daga jikinsa. Kuma zama ɗaya za ta yi.

"In ya yi, ya yi," in ji Alhaji Ummaru. "In bai yi ba, ta ce kak a sake tunkarar ta da zancen ga har ta koma ga Allah. Kuma babba nika so, wanda zan rataya ɗakina."

Ya tafi ya bar mu muna kallon kabad. Sharaɗin farko ya riga ya kore duk kayan da muke aiki da su yau. Ya kuma kore fim mai launi, domin shi sai an aika da shi Legas, kuma masu wanke shi a can ta kwamfuta suke bi da shi kafin su buga. Saura baƙi da fari, wanda zan iya wankewa da hannuna. Tambayar da ta rage ita ce da wace kyamara.

Ga wanda bai sani ba, kyamarar fim ba ita kaɗai ake zaɓa ba. Kowace iri da danginta take zuwa: girman fim ɗin da take ci, idanun da ake ɗaura mata, abin da za a wanke fim ɗin a ciki, har da yadda mai ɗauka zai tsaya. In ka ɗauki ɗaya ka ɗauki gidansu duka. Muna da iri uku. Akwai babbar ta katako mai baƙin ƙyalle, amma gara ta riga mu. Akwai ƙarama mai siririn fim, wadda ake karawa a ido, tana da idanu uku na canji, naɗi ɗaya yana ba da hoto talatin da shida. Sai kuma mai ido biyu, wani akwati mai kamar bulo a tsaye, fim ɗinta faffaɗa ne amma hoto goma sha biyu kawai yake ɗauka. Idon sama na kallo ne, na ƙasa shi ke ɗauka. Ba a kara ta a fuska. A ciki ake riƙe ta, mutum ya sunkuya ya leƙa gilashin da ke samanta.

Maigida bai yi wata-wata ba ya ɗauko ƙaramar. "Talatin da shidda, Sanusi. Ko makaho ya harba talatin da shidda ya samu ɗaya."

Na ce ni mai ido biyu nake so, na kawo dalilina. Alhaji babban hoto yake nema, siririn fim kuwa in aka ja shi da yawa sai fuska ta yi tsaki-tsaki. Wannan shi ne dalilin da na faɗa da ƙarfi. Akwai wani da na faɗa a hankali, don na san zai yi min dariya. Ƙaramar kyamara sai ka kanne ido ɗaya ka auna mutum da ita, ga ƙara in ka danna. Tsohuwar da ta yi rayuwarta a cikin gida, a ce wani ƙato ya tsaya ya zuba mata ido haka, ai mayafi kawai zan ɗauko. Da mai ido biyu kaina yana ƙasa, ba na kallon ta, kuma ƙararta ba ta fi ta ƙyasta farce ba.

Bai yi dariya ba. Ya daɗe yana juya akwatin a hannunsa, sannan ya miƙo min.

"Maganakka gaskiya ta. Amma sha biyu sha biyu na. Kai kaz zaɓa, in ta ɓaci kai za ka tahi ka gaya ma Alhaji da bakinka."

Na karɓa ina jin kaina. Ban kai bakin ƙofa ba na fara da-na-sani, domin tsuntsun da ya ja ruwa shi ruwa kan doka.

Mako biyu muka yi muna shiri. Faffaɗan fim ba ya samuwa a Sakkwato. Da ƙyar muka samu naɗi biyu a wani shago a Legas da ke sayar wa matasan da suka dawo da yayin fim, aka saƙo mana su a mota tare da garin maganin wanki. Na fitar da kujeru daga ɗakin duhu, na toshe kowace kafa da baƙar leda. Naɗi ɗaya na ƙona wajen gwaji: na zaunar da mai shayin ƙofar shagonmu, na ɗauke shi sau goma sha biyu, na wanke. Hotunan suka fito tas, har ana ƙirga gashin gemunsa. Maigida ya duba ya gyaɗa kai. Saura naɗi ɗaya, na nannaɗe shi a leda na ɓoye a gindin randa saboda zafi, ina duba shi safe da yamma kamar mai jinya.

Ranar Alhamis na yi wanka na saka babbar riga. A shago ƙaramar riga nake aiki da ita, da ita ma na yi gwajin. Amma na ce gidan manya za ni, gaban tsohuwa, ba zan shiga kamar ɗan acaɓa ba. Farar shadda ce sabuwar bugu, ta sha sitaci har tana tsayuwa da kanta. Matata ma sai da ta tambaye ni ko ɗaurin aure za ni.

Alhaji Ummaru ya tarbe ni a zaure wajen ƙarfe tara. Ya kira ƙanwarsa, Hajiya Ai, ya ce ta shiga da ni, shi zai jira a nan. Muka ratsa soro biyu muka fito tsakar gida. An shimfiɗa darduma a inuwar wata bishiyar darbejiya, hasken wurin mai laushi, daidai yadda nake so. Hajiya Kulu tana zaune a kai, 'yar ƙaramar tsohuwa cikin baƙin mayafi, carbi a hannu. Na cire takalmi na durƙusa nesa na gaishe ta.

"Kai na mai hoton?" ta tambaya, ba ta ɗago ba.

"Ni na, Inna."

"To yi abin da kaz zo yi. Ƙahwahuna ba su son dogon zama."

Na auna haske, na auna nisa, na ɗora kyamarar a kan gwiwata, hannun hagu ya tallafe ta ta ƙasa, na sunkuya. A gilashin ta bayyana ƙarama, kanta a ƙasa. Na ɗauki biyu a haka don kawai ta saba. Ba ta ma san na ɗauka ba. Da ta ji shiru, ta ga ba wanda ya tsura mata ido, sai ta fara ɗagowa kaɗan-kaɗan tana leƙen akwatin. Abin da na yi hasashe ke nan, har na ji wani sanyi a raina. Na gyara zama, na ci gaba. Na uku, na huɗu, na biyar. Fuskarta a ɗaure take, amma fuska ce, kuma tana kallo na. Ina danna maɓalli ina murɗa hannun da ke jan fim, ina cewa a zuciyata yau maigida zai san na iya zaɓe.

Bayan na goma sha ɗaya ne yatsana ya zame daga maɓallin ya taɓa ƙyalle a inda ya kamata ya taɓa ƙarfe. Na karkato fuskar kyamarar na duba. Hannun babbar rigata ya zamo daga kafaɗa ya taru a wuyan hannuna na hagu, kuma saboda sitacin, maimakon ya kwanta sai ya miƙe tsaye ya rufe idon ƙasa ruf. Idon sama yana buɗe, shi ya sa duk wannan lokaci nake ganin ta sarai. Ban san tun yaushe yake a haka ba.

Zufa ta karyo min har tana ɗiga a kan gilashi. Na tuna dattijon da ke zaune a zaure yana jira, na tuna talatin da shidan da na ƙi. A daidai lokacin Hajiya Kulu ta naɗe carbinta ta dafa darduma.

"Ya isa hakanan. Ai, kama ni in tashi."

"Inna, saura ɗaya," na ce. "Don Allah ɗaya tak."

Na yi ƙoƙarin mayar da hannun rigar kafaɗa, ya sake zamowa. Na sake, ya sake. Ban san lokacin da na ajiye kyamarar a kan darduma na kama wuyan rigar na fizge ta ta kaina ba. Igiyar na'urar auna haske da ke wuyana ta sarƙe da ita, na tsaya a durƙushe kaina a cikin shadda ina kokawa, ba na ganin gabas ba na ganin yamma. Da na samu na fito, hulata ta yi tsalle ta gangara har gaban tsohuwar, sanƙona a waje, daga ni sai 'yar ciki da wando.

Hajiya Ai ta toshe baki da mayafi. Ita kuwa Hajiya Kulu sai ta fashe da dariya, irin wadda take fitowa daga ciki.

"Mi yas samu ɗan ga? Kunama ta?"

Na rarumo kyamarar na sunkuya na danna. Ban sake auna nisa ba. Na murɗa, fim ya ƙare. Tsohuwar ta miƙo min hulata da kanta, tana share hawaye, aka kama ta ta shige ɗaki.

A zaure Alhaji Ummaru ya miƙe da ganina. "An dace?"

"Sai an wanke, Alhaji," na ce. Ban iya haɗa ido da shi ba.

Da na isa shago na gaya wa maigida komai. Bai yi faɗa ba, da ma ya yi da na fi jin daɗi. Cewa kawai ya yi a sayo ƙanƙara.

Wankin fim a bazarar Sakkwato sai da ƙanƙara, domin ruwan famfo da zafinsa yake zuwa, kuma maganin in ya ɗumama dafa fim yake. Bayan azahar na shiga ɗakin duhu na kulle. Matakin farko ba a kunna ko jar fitila. Da lalube ake warware fim a naɗa shi a kan wani ƙarfe mai zagaye, a saka a gwangwani mai murfi. Abin da na yi dubban lokuta ne, amma ranar sau uku yana kuɓuce min, kuma in yatsa mai gumi ya taɓa fuskarsa tabon ya zauna ke nan. Da na rufe murfin na kunna wuta, na zuba maganin farko, ina juya gwangwanin ina kallon agogo. Minti tara ne, ban taɓa ganin minti tara masu tsawon waɗannan ba. Na zubar, na ɗauraye, na zuba na biyu mai tsayar da hoto. Duk addu'ar da na sani na karanta, har da ta shiga kasuwa.

Na buɗe na warware shi a gaban fitila, maigida yana tsaye a bayana. Na farko da na biyu sun fito, amma ƙoƙon kai ne da mayafi, ba fuska. Na uku rabinsa ƙyalle ne. Daga na huɗu har na goma sha ɗaya babu komai sai dusu-dusu. Hoto tara na hannun rigata na ɗauko. Na kasa sauke idona zuwa na ƙarshe, sai maigida ya karɓa ya saka tabarau ya kai shi kusa da haske.

"Akwai mutum ciki," ya ce. "Ko ta yi motsi, sai mun buga."

Sai da fim ya bushe, wajen la'asar, na ɗora shi a injin bugawa, na haska shi a kan babban kati, na tsoma katin a faranti ƙarƙashin jar fitila. Mayafin ne ya fara fitowa, sannan idanu. Hannunta da ta ɗaga ya ɗan yi hazo, hoton kuma ya karkata kaɗan. Amma fuskar ta tsaya cak, kowane layi na tsufa a wurinsa, tana dariya tana kallon mai kallo kai tsaye. Na jingina da bango na yi hamdala.

Maigida ya katse min murna. "Ba ka gama ba. Tsohuwar da ba ta son a ga huskatta, ita za ka kai ma hoton haƙoranta? Tana iya sa shi wuta, kuma hakkinta na."

Da wannan tunanin na yi Juma'a. Ranar Asabar da safe na koma Ƙofar Marke da katin a cikin babban ambulan, nagatif ɗin a ƙarami, sanye da ƙaramar riga. Alhaji Ummaru ya kalli ambulan ɗin bai miƙo hannu ba, domin sharaɗi ne ita za ta fara gani. Hajiya Ai ta sake shiga da ni.

Hajiya Kulu ta fara karɓar nagatif, ta ɗaga shi sama ta ƙirga gidajen da yatsa, ta tambaye ni ko akwai wani a wani wuri. Na rantse mata babu. Ta ba 'yarta ta ce a saka a murhu, muna kallo ya nannaɗe ya ƙone. Yanzu duk duniya katin da ke cikin babban ambulan ne kawai. Ta zaro shi ta riƙe nesa, ta matso da shi kusa, fuskarta ba ta nuna komai ba. Murhun yana nan yana ci, taku uku daga inda take.

"Ka ɗauke ni baki buɗe kamar wata yarinya," ta ce.

"Laifina na, Inna."

Ta ƙara dubawa. Can ta mayar da shi cikin ambulan a hankali, ta miƙo min, ta kawar da kai gefe.

"Kai ma wancan."

Na fito zaure na ba Alhaji Ummaru. Ya zaro katin, yana tsaye, sai na ga ya nemi dakali ya zauna. Ya daɗe yana kallo. Na fara ba shi haƙuri kan karkatar da hoton ya yi da hazon hannun, ya ɗaga min hannu in yi shiru.

"Malam Sanusi, ni na ɗan hwarinta. Ba ta taɓa kiran sunana ba. In na shigo tana dariya da ƙannena, sai ta kame ta sadda kai. Shekara sittin ina jin dariyag ga ta bayan katanga." Ya goge idonsa da gefen rawani. "Yau na ga yadda take."

Na yi sallama na fito.

Abin da wannan aiki ya koya min guda biyu ne, kuma ina so ku riƙe. Na farko, kyamara ba don kanka kake zaɓen ta ba, don wanda zai zauna a gabanta ne, kuma ko yau aka sake kawo min irin Hajiya Kulu mai ido biyu zan ɗauka. Amma in ka zaɓa, ka gwada ta a yadda za ka je aikin, har rigar da ke jikinka, domin abin da kake gani daban, abin da ke shiga fim daban. Na biyu, mu masu hoto mun cika ɗauka mun san abin da mutum ya zo nema. Ni na zaci Alhaji Ummaru hoton bango yake so, mai kyau, a miƙe. Ashe shi so yake ya samu inda zai kalli mahaifiyarsa ido da ido, ba tare da ta sunkuyar da kai ba.